Firijin Babana Ya Shiga Kwaleji

Kwalejinmu an gina ta ne a shekarun da kuɗin man fetur suka yi wa ƙasar nan yawa har aka rasa inda za a zuba su. Gwamnan soja ya bi ta Sama Road a nan Sakkwato wata safiya, ya ga fili, ya nuna da sandarsa. Kafin damina ta zagayo sai ga gini. Haka ake kafa makaranta a lokacin. Mutane har kaucewa suke yi in sun hango motarsa, kada ya nuna mutum da sandar nan ya wayi gari ya zama ma'aikata.

Gini kam akwai shi, har da fenti. Akwai ɗakin da aka rubuta wa laburare a bisa ƙofa, akwai wanda aka rubuta wa ɗakin gwaje-gwaje. In ka shiga laburaren ka yi sallama, shi zai amsa maka, don ba komai a ciki sai kantoci. Kayan duk an yi odarsu daga Turai, an biya, an loda a jirgin ruwa, jirgin ya zo Ikko ya shiga layi bayan jiragen siminti. Saboda haka duk abin da ka tambaya a makarantarmu amsa ɗaya ce, yana kan ruwa. Littattafai suna kan ruwa. Kwalaben gwaji suna kan ruwa. Wani ɗan ajinmu da aka tambaya ina aikin da aka ba shi ya ce yana kan ruwa, malamin ya wuce, don shi ma bai san iyakar abin da aka lodo ba.

Mu kuwa malaman kimiyya ake son mu zama. Madubin likita, wannan da ake leƙawa a ga ƙwayoyin da ido ba ya gani, a allo muka san shi. Malaminmu ya iya zane ƙwarai. Har yau in na ga madubin gaske sai in ga bai kai na allon nan kyau ba.

Ina shekarar ƙarshe lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Mu ne 'yan farko, ba wanda ya taɓa fita daga makarantar, don haka ba wanda ya san darajar takardarta. Babana kuwa ɗan kasuwar hatsi ne, gidanmu a Gawon Nama, kuma shi abin da bai san farashinsa ba bai yarda akwai shi ba. Wata rana ina cin tuwo ya tsaya a kaina ya ce, “Kai, wagga takarda da kaka biɗa, wa za ya sa mata hannu?”

Na ce Firinsifal.

Ya ce, “Wanga da ka saye gero rabin buhu?”

Na ce shi.

Ya ce, “To ji nan. An ce min takardar da ba hatimin jami'a bisa gare ta, ƙosai aka naɗewa da ita. In taka ba ta da hatimi, tiya na nan rumfa tana jiranka. Ban ƙara maka ko wata ɗaya.”

Tiya ita ce kwanon da muke awon hatsi da shi. Na san ta, ta san ni. Tun ina ƙarami nake gudunta, don duk wanda ya zauna bayanta a gidanmu bai sake tashi ba sai da furfura. Yayyena biyu suna nan a zaune, ƙurar gero ta mai da girarsu fara tun ba su yi aure ba.

Maganar hatimi kuwa gaskiya Baba ya ji. Kwalejinmu ta nemi wata babbar jami'a can gabas da mu ta ɗauke ta a jikinta, a yi haɗin gwiwa, mu yi karatu a Sakkwato, takarda ta fito da tambarinsu. Jami'ar ta ce ta ji, amma ita ba ta ba da sunanta da ka. Sai ta turo mutanenta sun ga littattafan da muke karantawa, sun ga ɗakin gwaji, sun ga malaman da idonsu, sun zauna a aji, sun yi wa ɗalibai tambayoyi. In sun gamsu a sa hannu. In ba su gamsu ba kowa ya riƙe sunansa. Suka kuma faɗi ranar da za su zo.

Firinsifal ya kira ni ofis. Mutum ne dogo mai kunya, wanda ko akuya ce ta tare masa hanya sai ya ba ta haƙuri. Ya ce, “Ɗan Alhaji, an ce ba gidan da ba ka san ƙofarsa ba garin nan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙari aka yi. Akwai guda biyu a Gidan Dahala, su ma karnuka ne suka hana.”

Ya ce baƙi za su zo, kaya suna kan ruwa, me na gani.

Ni ban ga wani abin wahala ba. A garinmu wa ya taɓa yin biki da kayansa? In za ka yi suna, tabarmi na maƙwabci ne, tukunya ta ƙanwar uwarka ce, babbar rigar ma wani lokaci mai ita yana tsaye a gefe yana kallon kada ka zuba mata miya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Sunansa aro, kuma wanda ya hana ka aro ranar baƙi ya fita daga mutane. Na ce masa, “Malam, biki ne ya same mu. A yi aro.”

Ya daɗe yana kallon silin. Daga baya ya ce, “Kayanmu dai suna nan tafe. Ba abin da za mu nuna wanda ba mu saya ba.” Da wannan ya lallashi zuciyarsa, ni kuma na fita aiki.

Mai kantin littattafai na bakin kasuwa ya ba mu duk abin da ke kantinsa, har da littattafan koyon tuƙi da na fassarar mafarki. Muka jera na Turanci masu kauri a gaba, na mafarki a can sama inda sai da tsani. Wani asibiti ya ba da maduban likita. Wata makarantar koyon jinya ta ba da ƙwarangwal ɗin roba, cikakken mutum, ba abin da ya rasa sai nama. Ni na ɗauko shi a bayan babur, na ɗaure shi a jikina da rawani, na lulluɓe shi da zane. Iska ta yaye zanen daidai Gawon Nama. Mai shayi ya bar shayinsa, masu facin taya suka bar taya, wata tsohuwa ta yi salati ta zauna a ƙasa. Kafin in kai Sama Road labari ya riga ni zuwa cewa yunwar kwaleji ta cinye wani ɗalibi ana mayar da shi gida.

Malamai ma ba su cika ba, sai muka ari likitan dabbobi da wani mai kantin magani, aka ɗinka musu farar riga. Wani Alhaji mai sayar da atamfa, maƙwabcinmu, ya ba da fankoki.

Saura firiji. An ce ɗakin gwaji ba ya cika sai da shi, kuma firijin da na sani mafi girma a unguwarmu na Baba ne. Mai aiki da kananzir ne, fari sol, ya kai tsayin mutum. Ya saye shi shekarar da ma'aikata suka sami ƙarin albashin nan suka rinƙa sayen hatsi ba ciniki. A ɗakinsa yake, an kulle da kwaɗo, makullin a aljihunsa. Baƙo mai daraja kaɗai ake buɗe wa. Mu 'ya'yan gida sai dai mu jingina da shi mu ji sanyi ta baya. Na tabbata da gobara za ta tashi, firijin zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya tambaya ko akwai sauran mutane.

Ban ko gwada tambayarsa ba. Na kai Firinsifal da kansa, na kuma tabbatar an faɗa a gabansa cewa mai atamfa ya ba da fankoki.

Baba ya ce, “Hwanka nawa?”

Na ce da yawa.

Ya ce, “Kwana nawa za a yi da shi?”

Firinsifal ya ce ranar Asabar zai dawo.

Aka ɗora shi a kura, aka yi masa shimfiɗa da katifar yayana. Baba ya raka shi da ƙafa har bakin titi yana cewa a bi a hankali.

Sai kuma maganar tarbar baƙi. Firinsifal shayi da biskit ya yi niyya, a ofis, a rufe ƙofa. Da Baba ya ji sai ya ce ba a garin nan ba. Mutane su taso tun daga gabas, a ba su biskit kamar marasa lafiya? Shi da mai atamfa da sauran waɗanda suka ba da aro suka ce liyafa za a yi a ƙofar gidanmu bayan la'asar, su za su yi komai. Firinsifal ya yi godiya. Ni ma na yi murna, don na hango naman rago. A cikinmu ba wanda ya tsaya ya tuna abin da ke zuwa tare da liyafa.

Baƙin suka iso da safe a farar mota. Babbansu farfesa ne, ɗan siriri, gajere, da rigar safari, Hausarsa irin ta Kano. Fuskarsa ba ta motsi. In ya ji daɗi haka take, in ransa ya ɓaci haka take, na yi imani ko atishawa a ciki yake yi. Tare da shi akwai wani malami Ba'indiye mai duba kayan kimiyya, wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu.

Suka shiga laburare. Farfesa ya zaro littafi ya buɗe, shafukan suna manne da juna, ya raba su da yatsa, ya shinshina, ya mayar. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kantar sama. Suka zauna a ajin likitan dabbobi, wanda aka ce ya koyar da yadda jini ke zagaya jikin mutum. Ya yi ƙoƙari, sai dai duk inda ya kamata ya ce hannu sai ya ce ƙafar gaba.

A ɗakin gwaji Ba'indiyen ya shafa firijin Baba ya gyaɗa kai. Farfesa kuwa ya duba ɗalibai ya nuna ni, wataƙila don ni na fi kowa tsayawa kamar mai wurin. Ya ce in zo in leƙa madubi in gaya masa abin da ke ciki.

Na taka da ƙarfin gwiwa. Na san sunan kowane ɓangare nasa, na zana shi ya fi a ƙirga. Abin da allo bai taɓa gaya mana ba shi ne ta yaya haske ke shiga. Na kafa ido. Duhu. Na sauya ido. Duhun dai, sai gashin idona da ya leƙo yana kallona.

Ya ce, “Me ka gani?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, alheri.”

Ya ce, “Wane iri?”

Na ce, “Bai gama fitowa ba tukuna.”

Ya miƙa yatsa ya juya wani ɗan gilashi a ƙasa, haske ya cika min ido har na ja da baya. Ya kira na kusa da ni, shi ma alherin ya gani. Duk da haka da suka fita Firinsifal ya share gumi ya ce yana ganin an tsallake, tunda kaya sun cika ido.

Bayan la'asar aka hallara a ƙofar gidanmu. Tabarmi har bakin kwata, kujeru a gaba don baƙi, masa da miyar taushe, gasasshen rago, lemon kwalba cikin baho. Duk wanda ya ba da aron ko cokali ya zo da babbar riga ya zauna inda za a gan shi. Ina cikin raba kwanoni na hango sanƙira yana gyara hula.

Sanƙira ba a gayyatarsa. Shi ne mai faɗa a taro, wanda in an yi biki yake tsayawa ya sanar da jama'a wane ya kawo kaza, wance ta ba da kaza, don kada alherin mutum ya tafi a ɓoye. Na unguwarmu ƙato ne mai murya, in ya yi sanarwa a Gawon Nama ana amsa amin a Gidan Dahala. Na ja shi gefe na ce, “Baba sanƙira, yau dai a gaida baƙi kurum. Kada a taɓo maganar kaya.”

Ya dube ni kamar na ce ya yi sallah ba alwala. Ya ce, “Ɗana, mutum shi ba da abinai, a ci a sha a watse ba a ambace shi ba? Tun jiya kowa ya aiko min da abin da yab ba da. Tsohonka sau biyu yana aikowa, wai kada in mance hirijin na kananzir na. In na yi shiru, gobe ta wace hanya za ni bi in shiga kasuwa?”

Na ce to a rage murya.

Ya ce, “Ita ɗai gare ni.”

Na je na raɗa wa Firinsifal. Ya dubi sanƙira, ya dubi layin Alhazai, ya dubi Farfesa. Hana sanƙira faɗa a gaban mutanen nan daidai yake da a ce musu ba a gode ba. Ya ajiye masar da ke hannunsa ya gyara zama irin na mai jiran allura.

Sanƙira ya fara da baƙi, ya yi musu kirari har ya ba Ba'indiyen sarautar da ban taɓa ji ba. Sannan ya juyo. Ya ce jama'a a saurara a ji abin da mutanen Sakkwato suka yi don kada makarantarsu ta ji kunya gaban baƙi. Mai kantin littattafai ya kwashe kantinsa kaf ya ba da aro, yau kwana uku bai yi ciniki ba, Allah shi mayar masa. Aka ce amin. Asibiti ya ba da aron madubai, masu jinya sun ba da aron mutumin ƙashi, Allah shi jiƙan mai shi in da mai shi. Aka ce amin. Alhaji mai atamfa ya cire fankokin ɗakinsa, iyalinsa suna kwana cikin zufa saboda ilimi. Mai atamfa ya sunkuyar da kai irin na wanda ba ya son a faɗa, yana leƙen ko kowa ya ji.

Farfesa ya karkata wajen Ba'indiyen yana fassara masa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana cin masa. Ba'indiyen ya daina tauna.

Sanƙira ya ce likitan dabbobi, da ya duba bai ga abin da zai ba da ba, sai ya ba da aron kansa, ya bar shanu suna jira. Mai kantin magani haka. Sannan ya ja numfashi ya zo kan Baba. Ya ce uban ilimi, mai hatsin da ba tsakuwa, wanda ya ɗauki firijin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin cikinsa ba, na kananzir, ya ce a kai makaranta har ranar Asabar. Baba ya lumshe ido. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na ranar ba. Ni kuwa tiya nake gani tana taso min daga cikin kwanon miya.

Da aka lafa Farfesa ya wanke hannu, ya yafito sanƙira. Ya san yadda ake yi, babba ba ya ɗaga murya a taro, sai ya faɗa a hankali sanƙira ya kai wa jama'a. Ya ce ya zagaya makarantu da dama, bai taɓa ganin garin da ya kwashe kayan ɗakinsa ya kai wa makaranta ba. Sanƙira ya faɗa, aka yi ta gyaɗa kai. Farfesa ya ce shi aikinsa kamar na mai sayen hatsi ne, ba ya tsayawa a bakin buhu, sai ya tura hannu ƙasa. Baba ya buɗe ido ya dube shi sosai. Farfesa ya ci gaba, ya ce jami'a ba za ta iya sa hatiminta a kan abin da zai bar makaranta ranar Asabar ba, don yaran ranar Litinin ma za su yi karatu. Saboda haka yana roƙon masu alheri su cika alherinsu, su bar kayan a inda suke har jirgi ya sauke nasu. Za su dawo su duba, kuma wannan karon ba za su faɗi rana ba.

Roƙo ya yi. Amma sanƙira bai iya kai roƙo ba, shi abin da aka riga aka yi yake faɗa. Ya juya ya ce jama'a ku shaida, Alhaji mai atamfa ya bar fankoki har jirgi shi iso. “Alhaji, haka na?”

Unguwa duka tana kallonsa, da sauran kirari a kunnensa. Ya ce, “Haka na.”

Aka bi su ɗaya ɗaya. Mai littattafai ya ce haka na da wata 'yar murya. Likitan dabbobi ya fara cewa shanu, sanƙira ya ce ya amince. Da aka zo kan Baba sai da ya taɓa aljihun da makullin yake.

“Uban ilimi, haka na?”

Ya ce, “Haka na,” kamar mai haɗiye tsakuwa.

Washegari aka tara mu 'yan shekarar ƙarshe, Farfesa ya gaya mana sauran. Jami'a za ta karɓi kwalejin, amma da sharaɗi. Tambayoyin jarrabawa sai sun gani kafin a ba mu. In malamanmu sun duba amsoshi, za a kwashe a kai can wasu su sake dubawa. Malaman aro ko su zauna su koyar da gaske ko a samo wasu. Littattafan mafarki a mayar wa mai su. Mu kuma, tunda ya ga abin da muke gani a madubi, sai mun ƙara shekara guda muna taɓa kayan da hannunmu kafin a ba mu takarda mai hatimi. Ya faɗi wannan yana kallon wani wuri kusa da kaina.

Shekara guda, ga mutumin da ya ce ba zai ƙara min ko wata ba. Na tafi kasuwa da ƙafa don hanya ta yi tsawo. Na tarar da Baba a rumfa yana zaune bisa buhu, yayyena suna awo. Na durƙusa na faɗa masa. Babban yayana ya ɗauko wata tiya ya kakkaɓe ta ya ajiye kusa da gwiwata.

Baba ya buɗe baki ke nan wani mai jaki ya wuce ya ce, “Uban ilimi, barka da rana.” Ya amsa. Ya sake buɗe baki, mai goro na tsallake ya ɗago hannu ya ce uban ilimi an wuni lafiya. Kafin ya samu ya yi magana sai da rabin layin 'yan hatsi suka gaishe shi da sunan nan, wasu da gaske, wasu suna danne dariya.

Ya dubi tiyar ya dube ni. Ya ce, “Jiya anka kira ni uban ilimi gaban Gawon Nama duka. In nic cire ka yau, mi za a kira ni gobe?”

Na ce ban sani ba, Baba.

Ya ce, “Ni na sani. Tashi ka ba ni wuri.” Na miƙe. Ya ce, “Kuma wanga gajeren farfesa, ɗan kasuwa na. Ko wa yac ce maka malami na, ƙarya shika yi.” Har na kai bakin rumfa ya kira ni ya miƙo min makulli. Ya ce in rinƙa goge firijin da tsumma mai laushi, kuma kada in bari a jingina da shi.

Shekarar nan mun ga aiki. Likitan dabbobi ya zauna, ya kuma zama malamin da ya fi kowa a makarantar, don shi ya saba da ɗalibin da ba ya magana. Ya sa muka yanka kwaɗi har kwaɗin fadama suka san ƙarar babur ɗina. Tambayoyi suka rinƙa tafiya gabas suna dawowa da jan biro. Wani ɗan ajinmu da malaminmu ya ba maki don kunyar ubansa, can suka ƙwace, ba su san uban kowa ba.

Farfesa ya dawo wata Talata da rana tsaka, ba sanarwa, ba masa, ba rago. Firinsifal ma yana wajen aski. Ya wuce kai tsaye ɗakin gwaji ya tarar da firiji yana gurnani, fankokin mai atamfa suna juyawa, ni kuma ina sunkuye a kan madubi da fatar albasa.

Ya ce, “Me ka gani?”

Na ce ɗakuna ne jere kamar ginin bulo, kowanne da ɗigo a ciki, na faɗa masa sunayensu.

Ya leƙa ya ɗago. Ya ce, “Alherin fa?”

Na ce, “Yana daga gefe, ranka ya daɗe, sai an matsa gilashin.”

Wani abu ya ɗan motsa a gefen bakinsa. 'Yan ajinmu sun ce ƙuda ne.

Takarda ta fito da hatimi. Na kai wa Baba a rumfa, ya karɓa da hannu biyu, bai dubi rubutun ba, ya sa babban yatsa ya murza hatimin kamar mai gwada shadda, ya ga bai goge ba. Ya ce wa yayana ya mayar da tiyar nan cikin buhu.

Jirgi kuwa bai sauke ba sai bayan na fara koyarwa. Kafin nan Baba ya saba, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya ta Sama Road ya duba firijinsa daga bakin ƙofa. Wata Juma'a zafi ya yi zafi, ya ce tunda nasa ne bari ya sha ruwan sanyi. Ya karɓi makulli ya buɗe. Kwaɗi ne a kwalabe, jere, kowanne ya baje hannu yana kallonsa, ga zuciyar rago a faranti a ƙasa. Ya tsaya yana kallonsu suna kallonsa. Ya rufe a hankali ya kulle da kwaɗo.

Da kayan kan ruwa suka iso, har da sabon firiji a ciki, Firinsifal ya zo gida da kansa ya ce za a dawo da na Alhaji, da godiya. Baba ya ce a'a, a bar shi can, ya riga ya yi nisa a karatu.